SHEKARA A BAKIN 'YAN GWALLAGA: DARASIN DA NA KOYO A GABAN TANDAR MASA

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin farko a wannan sashe namu ya san ma'anar kalmar "shekara". Za a ce masa wata goma sha biyu ne, ko kwana 365, ya rubuta, ya ci jarrabawa. Ni ma haka na rubuta, na kuma ci. Amma sai da na yi mako uku a unguwar Gwallaga da ke cikin garin Bauchi, daga ƙarshen Disamba 2024 zuwa tsakiyar Janairu 2025, sannan na gane cewa fassarar kalmar kawai na sani, ban san kalmar ba.

Ni Bayarabiya ce, haifaffiyar Ogbomosho ta Jihar Oyo. Hausar da ke bakina ba a nono na sha ta ba, a aji na koye ta. Wata ƙawata da muke ɗaki ɗaya ce ta ga ba ni da kuɗin motar zuwa gida, ta ce in bi ta mu yi hutu a gidansu. Gida ne na mutane masu rufin asiri: akwai Baba, da Inna mai sana'ar masa, da Kaka, wato mahaifiyar Baba, sai ƙanne huɗu.

Wannan maƙala za ta duba yadda na ji mutanen gidan suna magana a kan shekara da yanayi da 'yan ƙananan abubuwan jin daɗi na yau da kullum. Manufata ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman irina masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, cewa akwai darasin da ba ya zuwa aji, sai mutum ya je ya same shi inda yake.

2.0 "Wacce Daga Ciki?"

A garinmu ba a barci a daren 31 ga Disamba. A Gwallaga kuwa, ana idar da sallar lisha aka rufe ƙofa, sai ƙarar wasan wuta da muke jiyowa jefi-jefi daga nesa. Da asubar Laraba, 1 ga Janairu, kiran salla daga babban masallacin Juma'a na unguwar ne ya tashe ni kamar kullum. Na fito na tarar Inna ta riga ta hura wuta. Na durƙusa gaban Kaka na ce, "Barka da sabuwar shekara." Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce, "Kishiya, wacce daga ciki?"

Tambayar ba ta wasa ba ce kawai, domin a wannan gida shekara uku ake ƙirgawa.

Ta farko ita ce ta Miladiyya, wadda Fafaroma Giregori na 13 ya gyara lissafinta a 1582, ta kuma shigo mana tare da Turawan mulki, waɗanda suka ci Bauchi a 1902. Ita ce shekarar albashi da kuɗin haya da kuɗin makaranta. Shi ya sa Janairu a gidan ba watan biki ba ne, watan lissafi ne. Yara za su koma zango na biyu, sai an sayi littattafai, ga sabon zubin adashi da Inna ta shiga.

Ta biyu ita ce ta Hijira, wadda ake ƙirgawa daga ƙaurar Annabi (SAW) daga Makka zuwa Madina a 622, aka kuma tsayar da ita a zamanin Halifa Umar. Kwananta 354 ne ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. Saboda haka ne take zagaya yanayi, har ta kai a 2008 watan Muharram ya kama sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Kalandar da Baba ya rataye a zaure tana ɗauke da lissafin biyu, kuma a cikinta na ga farkon Janairun 2025 ya zo tare da kamawar watan Rajab na 1446. Sai dai Kaka ba ta ce Rajab ba. Ga sunayen da na ji a bakinta:

Muharram: watan cika-ciki
Rajab: watan azumin tsofaffi
Sha'aban: watan sha ruwan tsofaffi
Ramadan: watan azumi
Shawwal: watan ƙaramar salla
Zulhajji: watan babbar salla

Mai karatu zai lura cewa kowane suna yana faɗin abin da mutane ke yi ne a cikin watan. Kaka ta ba ni labarin yadda a da ake adana wani sashe na naman layya, a busar da shi, sai a daren cika-ciki a yi miya da shi kowa ya ci ya ƙoshi, taubasai kuma su riƙa bin juna kuɗin shara. Ta ce yanzu al'adar ta ja baya a birni, an fi mai da hankali ga azumin Tasu'a da Ashura.

Ta uku ita ce shekarar manomi: bazara, damina, kaka, rani. Ba ta da kalanda, a sama ake karanta ta. Baba yana da gona a bayan gari, kuma in ya ce "bana ta yi kyau", ba Janairu zuwa Disamba yake nufi ba, yana nufin buhunan masara da ke jibge a ɗakin ajiya.

3.0 Shekara Suna Ce, Kuma Aikatau Ce

A nan ne babban darasin yake. A Hausa akwai kalmomin lokaci guda uku da ke aiki a matsayin suna, su kuma yi aiki a matsayin aikatau:

(a) kwana: "kwana uku" / "ya kwana a Jos"
(b) wuni: "wuni guda" / "ta wuni tana aiki"
(c) shekara: "shekara biyar" / "ya shekara bai zo gida ba"

Wato dai ga Bahaushe shekara ba lamba ba ce da ke rataye a bango, abu ce da mai rai yake yi. Mutum yana kwana, yana wuni, yana shekara. Shi ya sa gaisuwa ta zama "ina kwana?" da "ina wuni?", shi ya sa ake cewa "shekara kwana ce", har ma yaron da ya daɗe a ciki fiye da ƙa'ida akan sa masa laƙabin Shekarau. Haka nan "wata" ita ce kalmar abin da ke haskakawa a sama da dare, ita ce kuma ta kwana 29 ko 30 da ake ƙirgawa da shi.

Na ƙara fahimtar wannan ranar da na tambayi Kaka shekarunta. Ta ce ita ba ta ƙirga ba, amma an kai ta ɗakin miji a hunturun da aka kashe Tafawa Balewa. Wannan ya faru ne a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, kuma kabarin Firayim Ministan yana nan cikin garin Bauchi, har mun ziyarce shi ni da ƙawata. Ta ce Baba kuwa ɗan shekarar canjin kuɗi ne, wato 1973, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a ranar 1 ga Janairu. Ƙanen ƙawata kuma an haife shi shekarar ƙidaya, da rana ta yi kusufi, wato Maris 2006. Ba ta faɗi lamba ko ɗaya ba, amma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Ga jerin bayanau na lokaci da ya kamata ɗan koyo ya riƙe:

Na kwanaki: shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta.
Na shekaru: bara waccan, bara, bana, baɗi, baɗin baɗaɗa.

Akan haɗa su da "war haka" in ana nufin daidai wannan lokaci, alal misali "bara war haka muna Kano". Addu'ar da na fi ji a waɗannan kwanaki ita ce "Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya", da kuma "Allah ya maimaita mana".

Sai dai a yi hattara da "bara", domin a rubuce kalma ɗaya ce, a baki kuwa uku ne. Akwai bàara, mai dogon wasali a gaɓar farko da karin ƙasa-sama, ita ce shekarar da ta wuce. Akwai baràa mai ra-kaɗe, wato yaron gida. Akwai kuma baràa mai ra-gare, wato roƙon almajiri. Mu Yarabawa kunnenmu ya saba da karin sauti, don harshenmu yana da kari uku, amma tsawon wasali da baƙaƙe masu ƙugiya su ne ke kayar da mu. Na daɗe ina cewa "badi" kafin harshena ya yarda ya ce "baɗi".

4.0 Kalmomin Hunturu

Janairu a Bauchi tsakiyar hunturu ne. Iska busasshiya ce ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta taso daga Hamadar Sahara ɗauke da ƙura. Akwai safiyar da duwatsun da suka kewaye garin suka ɓace gaba ɗaya, rana ta fito fara fat kamar faranti, har mutum ya iya kallonta. Ni kalma ɗaya na zo da ita, wato "sanyi". Ga waɗanda na koma da su:

ɗari: busasshen sanyi mai haɗe da iska
jaura, muku-muku: sanyi mai tsanani da ke shiga ƙashi
hazo: ƙurar da ke rufe sararin sama
kaushi: gautsin fatar ƙafa
faso: tsagewar dunduniya
jin ɗumi: zama kusa da wuta don a kori sanyi
shan hantsi: zama cikin ranar safe

A nan ma akwai tarko. Ɗaarii na sanyi dogon wasali gare shi da karin sama-sama, ɗàrii na ƙirga kuwa gajeren wasali ne da karin ƙasa-sama. Ran da na ce wa yara ina jin "ɗari" da lafazin ƙirga, ƙaramarsu ta ce, "Yaya, ɗari biyu ko ɗari biyar?"

Gaisuwa ma takan bi yanayi. Maƙwabciya in ta shigo takan ce, "Ina sanyi?" ko "Yaya muka ji da ɗari?" Amsar ita ce, "Lokacinsa ne", ko "Da sauƙi". Ban taɓa jin wanda ya amsa da ƙorafi ba, ko da kuwa haƙoransa na haɗuwa. Da dare kuma Kaka takan sa mu jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, mu goge da dutsen kaushi, mu shafa man kaɗanya. Wannan ɗan zama, da hira da tatsuniya a gefen garwashi, shi ne abin da na fi kewa har yau.

5.0 Ci, Sha da Ji

Na lura cewa kusan duk wani ɗan jin daɗi na waɗannan kwanaki, da aikatau uku ake faɗinsa: ci, sha, ji. Kuma ba su tsaya inda ƙamusun aljihu ya tsayar da su ba.

Hunturu lokacin rake ne. Ranar da muka je kasuwar Muda Lawal sayen kayan miya, muka dawo da rake, na ce wa Baba, "Mun ci rake a hanya." Ya yi dariya ya ce, "'Yata, da ɓawon kika haɗiye?" Ashe rake shansa ake yi, haka lemo da mangwaro da kankana, wato duk abin da ruwansa ake bukata. Daga nan "sha" ya zarce zuwa abin da ba ya shiga baki: a sha iska, a sha hantsi, a sha inuwa, a sha kallo, a kuma sha wahala. "Ci" ma haka: a ci masa, a ci kasuwa, a ci jarrabawa, a ci ado, a ci riba. "Ji" kuwa ba na kunne kaɗai ba ne: a ji ɗumi, a ji ƙamshi, a ji sanyi, a ji daɗi, a ji Hausa.

Masar Inna ita ce cibiyar safiyar gidan. Abin da Kanawa ke kira waina shi Bausawa ke kira masa, kuma garin ya yi suna da ita. Tun da rana ake jiƙa shinkafa, a niƙa, a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa da yis, a rufe ƙullun ya kwana ya tashi. Da asuba sai a ɗora tanda, a zuba mai a kowane gurbi, a ɗebo ƙullu da ludayi, in gefe ya soyu a juya. Wasu da miyar taushe suke so, wasu da yajin ƙuli-ƙuli, yara kuwa da sukari. Aikina shi ne ƙirga wa masu saye.

Kada mai karatu ya ɗauka wasa ake yi. Da wannan tanda ake biya wa yara biyu kuɗin makaranta. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 shinkafa da mai suka yi tsada, Inna ta ce ta gwammace ta rage girman ludayi da ta kori masu sayenta da ƙarin kuɗi. Duk da haka ba ta daina ba da gyara ba, wato 'yar guda ɗaya da ake ɗora wa mai saye a kan abin da ya biya. Akwai wani almajiri da ke zuwa kullum da kwanonsa, shi kuma ta farko da ta fito daga tanda ita ce tasa. Na tambaye ta ko ba ta faɗuwa, ta ce, "In an hana gyara, albarka ma sai ya hana kansa."

6.0 "Kai Masa wa Baba"

Mai karatu ya ga yadda Inna ta ce "albarka ya hana", ba "ta hana" ba. Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya sa na rubuta wannan maƙala.

Yarabanci ba shi da jinsin nahawu. Na yi shekara biyu ina fama da "ya" da "ta", da mahaɗin -n da -r, ana yi mini jan biro, har na iya. Sai ga ni a Bauchi ina jin haifaffun masu harshen suna cewa "shekaran nan ya yi wuya", "rigan ya bushe". Na riƙa jin abin yana sukata a kunne, har na fara ɗaukar kaina na fi su iyawa.

Wata safiya Inna ta miƙo mini kwano ta ce, "Kai masa wa Baba." Ni abin da na ji shi ne "kai masà", wato kai wa wani namiji, na tsaya ina jiran a gaya mini abin da zan kai da wanda zan kai wa. Ashe maasàa take nufi, mai dogayen wasula, wadda ke cikin kwanon da ke hannuna. Da na gane, maimakon in wuce, sai bakina ya kuɓuce na ce, "Inna, ai 'kai wa Baba masa' ake cewa."

Tsakar gida ta yi tsit. Ƙawata ta sunkuyar da kai. Inna ba ta ce komai ba, ta ci gaba da juya masarta. Kaka ce ta ce, "Kishiya, takarda ce ta gaya miki haka? To ki koma ki gaya wa takardar, mu nan tun kafin a haifi mai buga ta muke kai masa wa mutane, ba a taɓa dawo mana da ita ba." Aka yi dariya, amma ni kunya ta hana ni karyawa. Da hantsi na je na durƙusa na ba Inna haƙuri. Ta ce, "Ba komai 'yata, ai karatu kike yi."

Laifina iri biyu ne. Na farko na tarbiyya: yaro ba ya gyara wa babba magana a gaban jama'a, balle baƙon da ake ciyarwa. Na biyu na ilimi, domin abin da na kira kuskure ba kuskure ba ne, Bausanci ne. Masana nahawu sun daɗe da lura cewa a wannan karin harshe, in kaikaitaccen karɓau suna ne, yakan zo bayan karɓau na kai-tsaye:

Daidaitacciyar Hausa: Ta dafa wa yara abinci.
Bausanci: Ta dafa abinci wa yara.

Haka kuma raunin bambancin jinsi sananne ne a Bausanci da Zazzaganci. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, an zaɓe ta ne don rubutu da koyarwa da watsa labarai, ba don sauran kare-karen gurɓatattu ne ba. Ko ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da aka nuna garuruwan da ake faɗinsu. Aikin ɗalibin harshe shi ne ya fara bayyana yadda mutane ke magana kafin ya yi tunanin yi musu hukunci.

7.0 Shawara ga 'Yan'uwa Ɗalibai

Ga wanda zai tafi hutu, ina ba da shawarar ya gwada waɗannan:

1. Ya sayi ƙaramin littafi, kullum ya rubuta kalma biyar da ya ji ba a aji ba, tare da jimlar da aka faɗe su a ciki da garin mai maganar.
2. Ya tambayi wani tsoho shekarar haihuwarsa ko ta aurensa, ya rubuta abin da tsohon ya danganta ta da shi, sannan ya nemo lambar shekarar.
3. Ya tattara jimloli goma-goma na "ci" da "sha" da "ji" waɗanda ba su shafi abinci ko kunne ba.
4. In ya ji abin da ya saɓa wa littafi, ya rubuta, ya yi shiru, ya kawo wa malami.

Ni na dawo da kalmomi 94 a nawa littafin, kuma daga cikinsu na sami batun kundin digirina.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa a gida ɗaya a Gwallaga ana tafiya da shekara uku, kowace da aikinta. An ga "shekara" tana aiki a matsayin suna da aikatau, an kawo kalmomin hunturu da faɗin ma'anar ci da sha da ji, an kuma nuna cewa karin harshe ba kuskure ba ne. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma gani ya kori ji.

Ranar da za mu koma makaranta, Inna ta ƙulle mini masa a leda, ta ɗora guda biyu a kai ta ce gyara ne. Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya sa mu shekara." Na amsa da amin, kuma a wannan karon na san abin da nake amsawa. Duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini afuwa, har yanzu 'yar koyo ce ni. Allah ya kai mu baɗi war haka da rai da lafiya, amin.